Injiniya Attahiru da Allurarsa Mai Gaskiya

Duk wanda ya zauna Jega a shekarun da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu tamu jihar, amma bai san Injiniya Attahiru ba, to ko dai kurma ne, ko kuwa Allah ya so shi da rahama. Mutum ne da ilimi ya yi wa yawa har ya rasa wurin ajiye shi, sai ya riƙa zuba wa masu wucewa. Sau ɗaya na ga mace ta kayar da shi a magana, kuma da wannan zan fara, don kada a ce maƙwabtaka ta sa na rufa masa asiri.

Shagonsa yana bakin hanyar tasha, jikin rumfar Gwaggo Talatu mai waina. Wata safiya ya fito da ma'auninsa na ƙara, wani ɗan baƙin akwati mai allura a fuska kamar agogo, ya miƙa shi saitin bakin Gwaggo tana cikin kiran masu saye. Ya duba allura, ya girgiza kai, ya rubuta a littafi. Sannan ya sanar da ita, a gaban direbobi da 'yan kamasho, cewa muryarta ta kai tamanin da bakwai, kuma a ƙasashen da suka ci gaba ana rufe masana'anta a kan abin da bai kai haka ba.

Gwaggo ko ɗago kai ba ta yi daga tanda ba. Ta juya waina, ta ce, "To madalla, ɗana. Jiya da matarka Ummukulsum taz zo ta iske ka nan, taka muryar nawa tak kai? Ni dai ina kusa, ban ji komi ba sai to, to."

Injiniya ya mayar da biro aljihu. Ya kalli allura ko za ta ce wani abu, ba ta cece shi ba. Ya koma shago ya saki labule. Da yamma ya gaya wa masu shayi cewa iskar ranar ba ta dace da awo ba.

Amma wannan tuntuɓe ne kawai, kuma manyan mutane ma suna yi. Bari in gaya muku girmansa.

Injiniyancin nan a Kaduna ya samo shi. Wata huɗu da kwana tara ya yi a shagon wani mai gyaran rediyo yana riƙe masa dalma, ya dawo gida da abubuwan da ba mu taɓa gani a jikin mutum ɗaya ba. Ya dawo da farar riga irin ta likita, da biro shida a aljihu, biyu ne ke rubutu. Ya dawo da Hausar gidan rediyo, ya manta yadda uwarsa ke magana, har in ka ce masa "mi kac ce" sai ya gyara maka. Ya kuma dawo da baƙin akwatin nan, wanda ya tsinta a gwanjon kayan wata masaƙa da ta rufe. Tun daga ranar, babu abin da ke da murya a Jega da ya tsira. Ya auna jakin mai ruwa. Ya auna injin markaɗe, da turmin gidansu, da tarin surukinsa. Akwai ranar da aka yi haihuwa a unguwarmu, mutane na shiga barka, shi ya tsaya a zaure yana jiran jariri ya yi kuka. Mutanen gari suka sa masa suna Baban Allura. Ya ji, ya ɗauka sarauta ce, ya sa aka rubuta a ƙofar shago.

Cikin shagon kuwa sai wanda ya gani. Ya lulluɓe bango da kwalin ƙwai tun daga ƙasa har rufi, wai don kada sauti ya yi yawo. Sauti dai ban sani ba, amma kyankyasai sun daina yawo, sun samu gida. Kowace safiya yakan sa wani kaset da babu waƙa babu wa'azi, sai fito guda ɗaya mai tsawo kamar sauro ya shiga kunne ya ƙi fita. Yakan tsaya yana kallon allura yana gyaɗa kai, mu kuma muna kama kanmu. In na yi ƙorafi sai ya ce:

"Hajiya, wannan fiton da kike raina wa, da shi ake daidaita gidajen rediyon duniya. Ku a nan kun saba da ji kawai. Mu da muka yi karatu, gani muke yi."

Akwai kuma wata takarda mai ramuka a gefe da ya sa a gilashi ya rataye sama da teburinsa. Wani layi ne a jiki, ya hau ya sauka ya hau. Ya ce sakamakon lasifikarsa ne, kwamfuta ta fitar a Sakkwato, kuma duk arewacin ƙasar nan mutum uku ne ke iya karanta ta, biyu sun tafi waje. Jikata Fa'iza da ke aikin jinya ta leƙa wata rana ta ce, "Kaka, wannan ai irin takardar bugun zuciya ce." Na ce ta rufa wa kanta asiri. In ma zuciyar ce, ai ta wani ce mai lafiya.

Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce, shekara goma sha ɗaya babu mai lasifika a yankinmu sai shi. Ɗaurin aure, suna, wa'azi, taron 'yan siyasa, in ba ƙahonninsa huɗu a kan sanda, to taro bai yi ba. Yakan iso a makare da gangan, ya sa a sauke kaya a hankali, ya ce "gwaji, gwaji, ɗaya, biyu" har abinci ya huce. Amarya na iya jira. Allura ba ta jira.

Ana nan sai ga Arzika.

Arzika mutumin Aliero ne, manomin albasa da rani, mai gyaran rediyo in ya samu sarari. Gajere ne, ba ya son magana, kullum hannunsa na warin albasa da ƙonannar dalma. Babu wanda ya koya masa. Matattun rediyo yake tarawa yana ciro hanjinsu, har ya haɗa amfilifaya a cikin gwangwanin biskit, ya samo ƙaho biyu, ya jona da batirin babbar mota. Aka fara kiransa suna a Sabiyal, aka kira shi wa'azi a Katanga. Mutane suka fara cewa in Arzika ya kafa kaya, har tsofaffi na gane abin da malam ke faɗa. Wannan magana ta iso Jega, ta shiga shago ta ratsa kwalin ƙwai.

A lokacin ne ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta yanke shawarar ɗaukar mai lasifika guda na dindindin. Shi zai riƙa bin kasuwannin Jega da Aliero da Maiyama, ana shelar isowar taki da motocin kudu, ana cigiyar abin da ya ɓata. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Wanda ƙungiya ta ɗauka, shi za a kira a kowane babban taro a garuruwan uku. Wanda aka bari, sai dai ya koma sunan 'ya'yan dangi. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Gado, dattijo ne mai son a zauna lafiya, ya ce a gwada su biyun a gani.

Injiniya bai jira ranar ba. Ya hau mota ya tafi Aliero, wai ziyarar ƙwararru. Ya tarar da Arzika a ƙarƙashin rumfar albasa yana ɗaure waya da tsumma. Ya kalli gwangwanin biskit ɗin nan kamar yadda ake kallon gawar ɓera a randa. A jikin gwangwanin akwai wata 'yar allura da Arzika ya ciro daga mataccen rediyon kaset, babu lamba ko ɗaya, sai ɓangaren baƙi da ɓangaren ja.

"Wannan kuma me take aunawa?"

"Ni ban san lamba ba, Injiniya," in ji Arzika. "In tat taɓa ja sai in rage, don ƙaho na jin ciwo."

Injiniya ya yi dariya har biro ɗaya ya faɗo. "Ja ai shi ne wurin aiki, malam. Baƙin nan na masu koyo ne. Kunna mu gani."

Arzika ya kunna, ya yi sallama a makirufo. Injiniya ya ajiye akwatinsa kusa da gwangwanin, ya duba. Saba'in da ɗaya. Ya buɗe littafinsa ya nuna masa shafi bayan shafi na nasa kayan, casa'in da biyar, casa'in da shida, babu ranar da suka sauko. Ya rufe littafin a hankali, ya dafa kafaɗar Arzika, ya ba shi shawara kyauta cewa albasa sana'a ce mai albarka.

Arzika ya sosa ƙeya ya ce, "To. Nau dai mutane na ji."

Aka sa ranar gwaji a Maiyama, don kada mutanen Jega ko na Aliero su ce an yi son kai. Ni ma na je, da ƙullin daddawata a matsayin dalili. Fili ne a bayan kasuwa, an gama girbi, sai kara a tsaye. Da hantsi jama'a sun cika shi, har daga Gumbin Kure an zo a kan jakuna.

Alhaji Gado ya tsara abin yadda kakanninmu za su tsara. Ya zaɓi dattawa uku masu lafiyar kunne. Ɗaya ya zauna a gindin tsamiya, ɗaya a bakin rijiya can gaba, na uku a ƙarshen fili inda fadama ta fara, sai ka ƙanƙance ido kake ganinsa. Tamu sanƙira, wanda ya tsufa yana shela da bakinsa kafin zuwan waya, shi zai yi magana iri ɗaya a kayan kowa. Dattijon da ya gane abin da aka faɗa sai ya ɗaga hularsa sama.

Injiniya ya saurari wannan tsari da haƙurin da malami ke yi wa ɗan aji ɗaya. Sannan ya gyara farar riga ya matso tsakiya.

"Ranka ya daɗe, da jama'a baki ɗaya. Yanzu fa muna da jiha. Jiha ba ta tafiya da hula. Hula tana da ɗan'uwa, tana da suruki, tana iya karɓar goro. Wannan allura ba ta da dangi a Jega, ba ta da dangi a Aliero. Ba ta san ni ba. Ina roƙon a rubuta cewa abin da ta nuna shi ne hukunci, don 'ya'yanmu su san ranar da kimiyya ta shigo ƙasar nan."

"Injiniya," in ji Alhaji Gado, "mu dai abin da muka biɗa, in anka yi shela mutum shi ji daga gona tai."

"Abin da allura za ta tabbatar ke nan."

"To a yi duka biyu. Kai ka dubi allura, mu mu dubi hula."

Arzika ya fara. Ya ɗaure ƙahonninsa biyu a sandar gora, ya maƙala waya a batir, ya murɗa kaɗan yana kallon 'yar allurarsa marar lamba. Babu wani motsi, babu hayaniya. Tamu ya karɓi makirufo ya ce ana gaida manoma, taki ya iso, kowa ya zo da buhunsa ranar Laraba. Muryar ta fita tas, kamar yana zaune kusa da kai a tabarma. Hular gindin tsamiya ta tashi. Ta bakin rijiya ta tashi. Can ƙarshen fili muka hango ta uku tana rawa a kan sanda, don dattijon ya ga hannu ba zai isa ba. Injiniya ya ajiye akwatinsa a teburin Arzika, ya duba, ya ɗaga murya ya ce, "Saba'in da biyu. An ɗan yi ƙoƙari." Ya rubuta.

Sai nasa. Mutum huɗu suka sauke kaya daga akori-kura. Ƙaho huɗu, kowanne akuya za ta iya kwana a ciki. Amfilifaya mai nauyin buhun gero. Sannan jan janaretansa, don shi a cewarsa batir na masu tocila ne. Wayar janaretan gajera ce, saboda haka kullum a gindin teburin awo yake ajiye shi, nan kusa da ƙafarsa. Ya kafa ƙahonni a bayansa suna kallon fili. Ya zaro auduga daga aljihu ya toshe kunnuwansa biyu, ya bayyana wa jama'a cewa kunnen ƙwararre dukiyar al'umma ce, dole a kiyaye ta. Ya ja igiya.

Jama'a, na ji tsawa a rayuwata, na ji jirgin sama ya yi ƙasa-ƙasa. Janaretan nan ya fi su rashin kunya. Jakuna biyu suka tsinke. Teburi na rawa, biro na rawa, allura ta yi tsalle ta wuce casa'in kafin Tamu ya ko share maƙogwaro. Injiniya ya nuna ta da yatsa yana kallon Arzika.

Tamu ya fara, "Ana gaida manoma." Ta fita, ba laifi, sai dai kamar daga cikin tulu. Hular gindin tsamiya ta ɗan motsa tana shawara. Injiniya bai ga haka ba, idonsa na kan allura, kuma casa'in da shida ya gani, lambar da ya saba. Ranar tarihi kuwa ba a yin ta da lambar kullum. Ya kama maɓallin ƙara ya murɗa, ya ƙara murɗawa, har ya kai inda ba ya gaba.

Ƙahonni suka yi wani kuka irin na rago ya ga wuƙa. Sai ɗan tari. Sai wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan amfilifaya, ya tashi sama abinsa.

Daga nan bakin Tamu kawai muke gani yana motsi. Tsohon yana ta wage baki, jijiyar wuya ta tashi, babu abin da ke fita daga ƙaho. Ya buga makirufo a tafin hannu, ya hura, ya kalli Alhaji Gado. Dattijon gindin tsamiya ya mayar da hula ya gyara mata zama. Na bakin rijiya ya fara cin goro. Na ƙarshen fili, daga baya aka ce, ya ɗauka an tashi, ya kama hanyar gida.

Shi kuwa Baban Allura yana tsaye ya ba ƙahonni baya, auduga a kunne, fuska tana walƙiya. Allura na nan daram inda take. Ya ɗaga hannu ɗaya sama yana shela da bakinsa:

"Casa'in da shida! Ku shaida! Casa'in da shida, ba ta sauka ba! Alhaji, a rubuta!"

Mutane na nuna masa bayansa, ya ɗauka tafi za su yi, ya ɗan rusuna. Wata mata ta faɗi zaune don dariya. Sai Arzika ya taso, ba gaggawa, ya zagaya bayan teburi. Ya cire wayar ƙahonnin gaba ɗaya, ya zo gaban Injiniya ya ɗaga masa bakinta a saitin hanci. Injiniya ya kalli waya, ya kalli allura. Casa'in da shida. Arzika ya sunkuya ya kashe janareta. Allura ta sulale ta kwanta kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Filin ya yi tsit, har muna jin kukan kurciya. Injiniya ya ciro auduga ɗaya.

"Injiniya," in ji Arzika, kamar mai ba da haƙuri, "injin ga taka aunawa. Tun can shi taka aunawa."

Wato shekara da shekaru, shafi bayan shafi, duk casa'in da biyar da casa'in da shidan nan da aka hana amare cin abinci a kansu, janareta ne ke ba da labarin kansa.

Alhaji Gado ya yi gyaran murya sau biyu don ya danne abin da ke taso masa. Ya gode wa kowa, ya ce ƙungiya ta ɗauki Arzika, ya fara aiki ranar kasuwar Jega mai zuwa. Ya ƙara da cewa Allah ya ba Injiniya lafiyar kayansa. Injiniya ya nemi a ba shi dama ya yi bayani a kan zafin rana da ingancin man fetur na wannan zamani, amma jama'a sun riga sun kewaye gwangwanin biskit suna leƙe.

A akori-kura ɗaya muka komo Jega, mu da kayan. Yana zaune a kan janareta, akwati a cinya, har yanzu auduga ɗaya a kunne. Da farko kowa ya kama bakinsa don kunya. Amma hanyar Maiyama doguwa ce ga mai riƙe dariya. Wani mahauci ya fara tambayar ko a sauke ƙahonnin a ba mata su yi mazurari. Wani ya ce a'a, a kai janaretan gonar shinkafa ya kori tsuntsaye, a ƙalla su suna jin casa'in da shida. Injiniya ya ce shi har yanzu bai ga inda aka kayar da shi ba, sharaɗi allura ce, kuma saba'in da biyu ba ta taɓa fin casa'in da shida ba ko a makarantar allo. Aka yi masa caa. Direba ma ya leƙo ta taga yana sa baki. Mahaucin ya matso har gwiwarsu na haɗuwa, ya ce:

"Haba Injiniya, ka ji tsoron Allah! Kowa ya gani da ido nai. Lasifika ta mutu, ƙarar inji allura tag gwada!"

Injiniya Attahiru ya bari hayaniya ta lafa. Ya ciro ragowar audugar, ya naɗe ta, ya sa a aljihu. Ya dafa jan janaretan da ke ƙarƙashinsa, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya da tausayi, ya ce:

"To injin na waye?"